Abin da Na Koya a Wajen Masaƙan Maekake a Toyohashi

Ɗinki ne sana'ata, shi ya sa da na samu damar zuwa Japan na nufi birnin Toyohashi da ke lardin Aichi, domin in koyi yadda ake yin maekake, zanen aikin nan mai kauri da masu sayar da shinkafa da 'yan dako da masu shaguna suke ɗaurawa a ƙugu. Masu sana'ar sun shaida mini cewa asalinsa daga masunta ne, waɗanda suke yanka tsohon ƙyallen jiragensu masu tafiya da iska su ɗaura lokacin aiki. A shekarun 1950 zuwa 1970 kasuwarsa ta bunƙasa, domin kamfanoni sun riƙa buga sunayensu a jikinsa suna rabawa dillalansu.

Darasina na farko a gaban masaƙa na ɗauke shi. Injinan tsofaffi ne masu ƙoshiya, wasunsu ƙirar Toyoda (asalin kamfanin Toyota) da Suzuki, gidajen da duniya ta sani da motoci alhali da injin saƙa suka fara. Suzuki ma a 1909 aka kafa shi a Hamamatsu don wannan aiki. An sa ni lura da ƙoshiya da ƙulla zaren da ya tsinke, kuma a nan na gane dalilin da ya sa ba su yar da waɗannan injina ba duk da jinkirinsu. Zaren audugar mai kauri ne ƙwarai, injin kuma ba ya jansa da ƙarfi, saboda haka zanen yakan fito da ƙwari amma da laushi, yana bin jikin mai shi maimakon ya tsaya ƙiƙam kamar tamfol. A ganina duk darajar maekake a wannan sassaucin saƙa take.

Wajen rini kuwa, shuɗin ya tuna mini da marinar Ƙofar Mata a Kano, ko da yake yawancin waɗanda ake sayarwa a yau rinin zamani ne. Farin rubutun da ke jikinsa ba fenti ba ne. Ana rina zanen gaba ɗaya tukuna, sannan a ɗora takardar da aka huda da siffar sunan shagon, a shafa wani haɗi mai cire launi, a wanke. Malamina ya nace in shafa haɗin da hannu ɗaya ba tare da tsayawa ba, domin gefen haruffa ya fita tsaf, yana mai cewa mutumin da zai ɗaura wannan zane sunan gidansu yake ɗauke da shi a gabansa, kuma duk wanda ya yi ciniki da shi zai karanta. Igiyar ɗaurin mai launin ja da fari ce, launukan da Japanawa suke dangantawa da murna da fatan alheri, gezar da ke ƙasan zanen kuma mutane da dama suna alaƙanta ta da igiyar da ake ratayawa a wuraren ibadarsu na addinin Shinto.

Ɗaurin ma sai da aka koya mini. Ba a kan tumbi ake ɗaure shi ba, a kan ƙashin kwankwaso ne, ƙasa da cibiya: a zagaya igiyar ta baya, a dawo da ita gaba, a fitar da numfashi, sannan a tamke. Da na ɗaga buhun shinkafa bayan wannan ɗauri na ji bayana ya samu madogara, kuma aka nuna mini yadda 'yan dako suke naɗe zanen su ɗora a kafaɗa kafin su saɓa akwati. Tun daga lokacin, duk rigar aikin da aka kawo mini ɗinki, nakan fara tambayar irin nauyin da mai ita yake ɗagawa kafin in zaɓi yadi.