Talatin ɗinsu ba irin tamu ba ce

Watanmu biyu da sauka a jihar Minisota ta Amurka, wata safiya a ƙarshen Nuwamba, na duba waya na ga an rubuta 30. Na ce alhamdulillahi, yau dai an samu rana. Na saka wa yara riguna marasa nauyi muka buɗe ƙofa, iskar da ta mare mu sai da ta sa ƙaramin ya fashe da kuka. Da yamma maigida ya yi dariyarsa ya ƙoshi kafin ya warware min: nan da ma'aunin Farenhait suke aiki, mu kuwa da Salshiyas muka taso. Talatin ɗinsu ko sifilinmu ba ta kai ba.

Kunyar ranar ce ta sa na sayo ma'aunin zafi irin na gilashi, na rataye shi a wajen tagar kicin, ɓangaren da rana ba ta dukansa, domin idan rana ta haske shi kai tsaye ƙarya zai yi maka. Na ce wa 'yata mai shekara shida daga yau ita ce mai ba mu labarin yanayi. Gaskiyar magana, ni ma ɗaliba ce, na dai ɓuya a bayanta.

Na ɗauka lambobin ne za su ba ta wahala, ashe ƙananan zanen da ke tsakaninsu ne. Daga 20 zuwa 30 a ma'aunin da na sayo taki biyar ne kawai, wato kowane zane maki biyu ke nan. Ita kuwa ɗai-ɗai take ƙirgawa, jan ruwan yana kan 26 ta ce min 23. Kwana uku muka yi muna ƙirga bibbiyu a kan matakalar bene, sannan muka koma taga. Na kuma lura idan ta tsaya a ƙasa tana ɗaga kai sai ta karanta ba daidai ba, don haka na ajiye mata kujera, idonta ya zo daidai da kan jan ruwan.

Abin da ya fi shiga kanta shi ne wanda ta taɓa da hannu. Na ciro ma'aunin na sa ta dafe ƙullutun da ke ƙasansa, ta ga jan yana hawa a hankali. "Umma, tsorona yake ji?" Na ce a'a, alkahol ne aka rina ja, idan ya ji ɗumi sai ya kumbura, ba shi da hanyar bi sai sama. (Masu ruwan azurfa zaiba ce a cikinsu, guba ce idan sun fashe, ban yarda ɗaya ya shigo min gida ba.) Muka tsoma shi a kofin ruwa cike da ƙanƙara, ya sauka ya tsaya a 32. Nan muka manna shuɗiyar takarda: daga nan zuwa ƙasa ruwa daskarewa yake, ba a fita sai da hula da safar hannu.

Janairu ya zo da nasa darasin, jan ya wuce sifili ya ci gaba da gangarawa. Ta ce, "Umma, ai 10 ta fi 5 yawa, ta yaya kuma za ta fi ta sanyi?" Na rasa ta cewa, sai rijiya ta faɗo min. Na ce sifili shi ne bakin rijiya, duk yadda guga ya ƙara nitsewa haka igiya take ƙara tsawo. Ta yi shiru, can ta ce, "Yau igiyar ta kai 12."

Ni kuma da dare nake nawa karatun. Daniyel Farenhait ya fito da ma'auninsa a 1724, Andas Salshiyas ɗan ƙasar Suwidin ya kawo nasa a 1742, kuma da farko a juye ya yi shi, sifili ne tafasar ruwa, 100 daskarewarsa. Ma'aunan biyu suna haɗuwa a 40 ƙasa da sifili, ranar da ba na fatan gani. Lissafina na gaggawa na mayar da Farenhait zuwa Salshiyas shi ne in cire 30 in raba biyu. Ba daidai yake cif ba, amma ya isa zaɓar riga.

Duk da haka tsohon ma'aunin bai bar kaina ba. Wani dare jikin ƙaramin ya yi zafi, na auna na ga 101. Gabana ya faɗi, don ni a wurina ɗari tafasar ruwa ce. Ina salati ina laluben waya, yayarsa ta leƙo daga cikin bargo ta ce, "Umma, Farenhait ne fa." Zazzaɓi ne dai, tunda daga 100.4 ake fara kiransa haka, daidai da 38 a namu, kuma da safe mun kai shi wurin likita.

Shi bai san lamba ba tukuna. Kullum sai ya ture yayarsa daga kan kujerar, ya manna hanci a gilashin taga ya ce, "Ya sauka, Umma, a kawo hula."