Kwana talatin da suka ci mini damina biyu

Gonar ta dawo hannunmu, alhamdu lillahi, amma har gobe idan na bi ta bakin fadamar nan sai zuciyata ta sosu. Maƙwabcin da ya so cinye ta na daɗe da yafe masa. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne kwana talatin ɗin da na bari suka wuce ina zaune.

Marigayi Baba ne ya ba shi aron gonar lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Babu takarda, don wa ke rubuta aro a ƙauye? Shekara goma sha biyu yana nomawa. Da muka zo rabon gado sai ya ce tasa ce. A kotun shari'ar Musulunci ta ƙaramar hukumarmu ya kafe a kan hauzi, wai ya riƙe ta fiye da shekara goma mai ita yana gani bai ce uffan ba. Alƙali ya ba shi.

Ina fitowa wani dattijo da ba ya rabuwa da bencin kotun ya dafa ni ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam, kana da wata uku na ɗaukaka ƙara." Na yarda, don ya fi ni sanin hanyar kotu. Baffa kuma ya ce a gwada sulhu a gaban dagaci tukuna, kada a ɓata zumunci. Ruwa ya sauka, aka shiga shuka, aka yi noman fari, ana ta "sai Juma'a mai zuwa". Ranar da na koma wurin magatakardar kotu kwana hamsin da biyu ke nan da hukunci. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ai ka makara."

Da na karɓi kwafin shari'ar, ga shi nan a layin ƙarshe, da Hausa ɓaro-ɓaro: wanda bai gamsu ba yana da kwana talatin. Ashe alƙali ya faɗa a ranar, kunnena ne ya toshe don ɓacin rai. Ni da nake koyar da yara karatu a firamare, takardar da ta shafi gadon ubana ban nema na karanta ba sai da ƙofa ta rufe.

Daga nan na shiga neman dokar da idona, don na gaji da "an ce". A duk faɗin ƙaramar hukumarmu ban sami wuri ɗaya da talaka zai zauna ya buɗe littafin doka ba. Na hau tudun bayan gari inda waya ke kama sabis, na bincika a intanet, sai dokokin Legas da na Indiya ke fito mini. Na yi kuɗin mota zuwa babban birnin jiha. A ɗakin karatun wata kotu aka ce na alƙalai da lauyoyi ne, na juyo.

A ɗakin karatu na jiha Allah ya haɗa ni da wani tsohon ma'aikaci. Ya saurare ni har na gama, ya shiga ciki ya fito da kundin dokokin jiha da ƙa'idojin kotu, ya kaɗe ƙura, ya ɗora yatsa a kan layin. Kwana talatin ne, babu shakka. Wata ukun da dattijon ya faɗa akwai shi, amma na wanda zai tashi daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ne. Sai ya ce, "Ɗana, karanta na ƙasansa." Kotu na iya ƙara wa mutum lokaci idan ya kawo dalili mai ƙarfi na jinkirinsa. Hannuna har rawa yake sa'ad da nake kwafe shi a littafina.

Shi ya tura ni wurin ɗaliban lauya na jami'a da ke ba da shawara kyauta ƙarƙashin malamansu. A can na fara jin sunan Legal Aid Council, hukumar da aka kafa tun 1976 don taimakon marasa ƙarfin ɗaukar lauya, ga ofishinta a birnin, mu a ƙauye ko labarinta ba mu da shi. Suka taya ni tsara takardar rantsuwa a kan dalilin jinkiri. Suka kuma ja mini kunne cewa idan tafiya ta yi nisa, sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga irin su aure, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. A wannan mataki, jayayya a kan wa ke da gona tsakaninka da bare ta Babbar Kotu ce, wanda ya kai ta inda ba nan ba sai a kore ta bayan ya gama kashe kuɗi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar hauzin kanta. Hauzi ba ya hawa kan aro, ko jingina, ko haya, komai daɗewa, matuƙar an tabbatar da haka aka karɓa. Sannan kafin yanke hukunci dole alƙali ya yi i'izari, ya tambaye ka ko kana da sauran hujja, kuma a kwafina babu inda aka yi. Da na dawo gida na ba limaminmu labari, sai ya ce, "Haba Malam, ai wannan yana cikin Tuhfa, me ya hana ka tambaye ni?" Littafin, na hukunce-hukuncen alƙalai a fiƙihun Malikiyya, yana zaurensa, taku kaɗan daga ƙofar gidanmu, ni kuwa na ɗauki maganar mai zaman benci.

An ƙara mini lokacin, kotun sama ta ce a sake shari'ar, tsofaffi biyu da aka yi aron a gabansu suka ba da shaida. Amma kafin nan damina biyu ta wuce maƙwabcin yana girbe shinkafarmu, na sayar da san noma ɗaya, Inna kuma ta rasu ba ta ga ƙarshen maganar ba. Da na shigar da ƙara cikin kwana talatin, da watannin da zaman neman ƙarin lokaci ya cinye ba su tafi ba.

Don haka duk wanda aka yanke wa hukunci, ya nemi kwafi a makon, ya karanta har layin ƙarshe ko ya sa a karanta masa. A yi sulhu, ban hana ba, amma a fara shigar da takarda, don ana iya janye ta idan an daidaita, kwanakin kuwa ba sa jiran dagaci.

Shafukan da na ɗauko hotonsu a birni suna cikin durowar ofishin hedimasta, na juya su da Hausa gwargwadon iyawata. Makon jiya wata baiwar Allah ta zo da maganar filin marayunta, ta fara tun daga zamanin kakan mijinta. Na ce, "Iya, tsaya tukuna, yaushe aka yanke hukuncin?" Muka ƙirga, kwana ashirin da shida. Washegari da sassafe na ɗauke ta a babur muka tafi kotu.