Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar ƙanena

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Jiya da hantsi muka karɓo takardar gwajin jini ta uku, kuma a karon farko tun da aka gama yankan riɗi na ga likita ya karanta lambobin ƙanena ba tare da ya ɗaure fuska ba. Da na dawo gida na kwanta bayan azahar, sai da Inna ta tashe ni sau biyu kafin na iya miƙewa sallar la'asar, domin gajiyar makonni bakwai ce ta sauko mini a lokaci guda. Ba zan maimaita labarin ba, yawancinku kun bi shi tun ranar da aka ɗauko shi daga gona a bayan tarakta, idanunsa sun koma ruwan ɗorawa, yana dafe da gefen cikinsa na dama.

Abin da zan faɗa da izininsa nake faɗa, hasali ma shi ne ya ce kada in yi ƙumbiya-ƙumbiya tunda rabin Gadarif ya riga ya sani. Aragi, wato giyar da ake haɗawa a gida, ita ce ta kwantar da shi. Tun da yaƙi ya sa muka baro garinmu Wad Madani a watan Disamba na 2023, ya bar shagonsa da kekunan ɗinkinsa uku, barci ya ƙaurace masa, kuma da ya shiga aikin gona ya tarar da waɗanda suka nuna masa abin da suke kira magani. Mu a gida mun ga alamu, muka kawar da kai, saboda kunya da kuma tsoron doka, tunda kowa ya san an haramta wa Musulmi giya a nan Sudan tun dokokin Satumba na 1983, zamanin Numairi.

Wannan kunyar ce ta sa na yi wa likita ƙarya a daren farko. Ya riƙe takarda yana dubawa, ya tambaye ni ko ƙanena yana shan wani abu, na amsa masa da cewa gidanmu ba a san wannan ba. Bai musa mini ba. Ya aiki sauran mutanen da ke ɗakin su sayo ruwan ƙari, sannan ya jawo kujera ya ɗora yatsa a kan layuka uku. Ya ce waɗannan sinadarai ne da ke zaune a cikin hanta, idan ta ji rauni sai su tsiyaya cikin jini, kuma a jikin mai lafiya AST da ALT ba su cika wuce 40 ba. Na ƙanena AST ya kai 210, ALT kuma 85, GGT ya haura 600. Ya ce a yawancin cututtukan hanta ALT ne ke gaba, amma idan AST ya ninka shi sau biyu ko fiye, ga kuma GGT ya yi tashin gwauron zabo, to giya ake fara tuhuma. Daga nan ya sassauta murya ya ce: "Ustaz, ni ba alƙali ba ne, ba kuma ɗan sanda ba. Awa nawa ke nan da shansa na ƙarshe? Amsar nan ce za ta gaya mini daren da zan ji wa tsoro."

A lokacin ban fahimci abin da yake nufi ba. Ni a tunanina haɗarin yana cikin sha ne kawai, ban san cewa jikin da ya saba da giya kullum, idan aka yanke masa ita farat ɗaya, yana iya tayar da ƙayar baya har ya kai ga farfaɗiya ko gushewar hankali, galibi tsakanin kwana na biyu da na huɗu. Da na faɗi gaskiya nan take aka fara yi masa allurar bitamin B1 da maganin kwantar da jijiyoyi, aka kuma matsar da gadonsa kusa da teburin ma'aikatan jinya. Har yau idan na tuna cewa saura ƙiris in tafi da ƙaryata gida, sai in ji gabana ya faɗi. Duk da haka likitan bai tsaya a kan giya kaɗai ba. An gwada shi ciwon hanta nau'in B da C, da zazzaɓin cizon sauro, da kala-azar da aka san yankin nan da ita, an kuma duba bilharziya, wato tsargiya, tunda a magudanan ruwan Jazira muka yi wankan yarinta, ita ma tana lalata hanta a ɓoye. Hoton ciki ya nuna hantar ta kumbura kuma kitse ya lulluɓe ta, amma ba ta kai ga ƙeƙashewar da ba a dawowa daga gare ta ba.

Dare na uku shi ne abin da ya sa na zauna rubuta wannan saƙo. Bayan isha'i jikinsa ya ɗauki ɓari, gumi ya jiƙa zanen gado, ya fara kakkaɓe ƙwarin da babu wanda ke ganinsu sai shi. Ana cikin haka limamin masallacin unguwarmu ya shigo, mutumin da na fi kowa fargabar ya san halin da muke ciki. Ƙanena na ganinsa ya ƙwalla ihu, domin a idonsa ɗaya ne daga masu bindigar da suka tare mu a hanya ranar da muka gudo. Wasu daga cikin 'yan dubiya suka ce iska ce, a rufe ƙofa a fara ruƙiyya. Malam ya ce a fara kiran ma'aikaciyar jinya tukuna, karatu ba zai gudu ba. Sannan ya tuɓe rawaninsa da babbar rigarsa ya miƙa mini, ya zauna a ƙasan siminti daidai ƙafar gado inda mara lafiyar ba zai ga fuskarsa ba, ya kama ƙafafunsa biyu ya riƙe. Haka ya zauna, dattijo mai fama da ciwon gwiwa, yana karatu can ƙasa-ƙasa, har aka yi allura ta biyu, har aka kira assalatu. Da zai tafi na bi shi waje ina neman kalmar da zan fara ba shi haƙuri da ita, sai ya ce: "Ɗana, koma ciki, kada ya farka bai ga kowa ba." Daga ranar zuwa yau bai yi mana wa'azi ko sau ɗaya ba, kuma ban ji maganar ta fito daga bakinsa a wani wuri ba.

Na san ba a saba ware mutane a irin wannan godiya ba, kuma na san Malam ba zai ji daɗin ambatonsa da na yi ba, sai ya yafe mini. Haka ita ma Gwaggo, wadda ta cire zoben da ta tsira da shi daga Madani ta ce a sayar, ta kuma hana a gaya wa Inna. Akwai maƙwabcinmu mai rakkasha, wato keke mai ƙafa uku, da ya yi ta jigilar mu dare da rana bai taɓa karɓar ko kuɗin mai ba, da baiwar Allah mai sayar da jabana, wato gahawa, a ƙofar asibiti wadda ta daina lissafin kofunana tun mako na farko, da ma'aikaciyar ɗakin gwaji da take naɗe takardar ta miƙo mini a hannu maimakon ta kira suna da ƙarfi a gaban jama'a. 'Yan'uwanmu na Jidda da Makka sun yi ta turo abin da ya sawwaƙa ta manhajar banki ta Bankak, wasunsu ma aikin yini suke yi, mun sani. Mutanen Mai Wurno da na Kasala sun yi sauka sun aiko mana da addu'a. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya rufa muku asiri duniya da lahira kamar yadda kuka rufa mana, Ya raba ku da kwanan asibiti, Ya shirya muku zuriya, Ya mayar da kowane ɗan gudun hijira ɗakinsa cikin aminci, Ya kashe wutar da ta raba mu da gidajenmu. Likitan nan da ma'aikatan jinyarsa, Allah Ya sa aikinsu ya zame musu haske ranar da babu wani haske sai nasa.

Akwai kuma waɗanda tsakaninmu da su tafiyar mota ɗaya ce, jininmu ɗaya, sun ga saƙonni amma ƙafarsu ba ta tako ba. Abin da ya iso mana daga wajensu shi ne galan na jiƙo da shawarar a kai shi a yi masa lalas da ƙarfe mai zafi, wai haka ake korar shawara. Ba mu riƙe kowa a zuciya ba, wataƙila akwai uzurin da ba mu sani ba, sai dai Inna ta yi ta duban ƙofa.

Jiƙon nan ba mu ba shi ba, domin likita ya hana duk wani sassaƙe ko saiwa da ba a san abin da ke cikinsu ba, ya ce hantar da ke jinya ita ce za ta sha wahalar tace su. Ya kuma ja mana kunne a kan farasitamol, wanda ƙanena yake watsawa baki barkatai saboda ciwon kan safiya, ya ce ko da buƙata ta kama kada ya wuce giram 2 a yini. Inda aka yi ja-in-ja shi ne abinci. Inna ta tashi da sanin cewa mai shawara ba ya cin nama sai rake da ruwan sukari, shi kuwa likita ya dage a ba shi ƙwai da madara da waken ful da nama daidai gwargwado, har da ɗan abin taɓawa kafin barci, saboda rama ita ma tana kashe masu irin wannan ciwo. Sai da ta ga kumatunsa sun fara dawowa ta sakar masa tukunya.

Takardar jiya ta nuna AST 52, ALT 44, GGT kuma ya sauko 140, idanunsa sun washe, ƙarfin daskarewar jininsa ya daidaita. Likita ya ce kitsen hanta yana narkewa idan an daina sha gaba ɗaya, amma saukar lambobi alama ce kawai ta cewa raunin ya daina ƙaruwa, kuma kurɓi ɗaya yana iya zama mafarin komawa gidan jiya. Za mu koma gwaji bayan wata uku. Kafin nan ba zai koma kwanan gona ba, wani bawan Allah ya ara masa keken ɗinki, yana zama a zauren gida inda ido ke kansa. Masu zuwa gaishe shi muna maraba da ku bayan la'asar, muna dai roƙon a bar tambayar yadda aka yi aka fara.

Akwai filas biyu na shayi da tabarma ɗaya da bargo mai ruwan toka da muka dawo da su daga asibiti, ba mu san masu su ba. Suna wajen Inna, mai abu ya aiko yaro ya karɓa.