Kyamarar Bidiyo da Kyamara Marar Madubi a Aikin Biki

A wani biki da muka ɗauka a Rayfield da ke Jos, na haɗa kyamarar bidiyo Sony PXW-Z90 da kyamara marar madubi Sony A7S III (irin kyamarar hoton da ake sauya wa gilashi) a aiki ɗaya domin in auna ingancin hotonsu da idona. Da rana tsaka kyamarar bidiyon ta fi daɗin sarrafawa, saboda tana da gilashin rage haske a cikinta, kuma tana jawo abu daga nesa har ninki 12 ba tare da an sauya mata gilashi ba.

Bayan magariba kuwa sai lamarin ya juya. Sensar A7S III, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara, mai faɗin kimanin milimita 36, ta ninka ta Z90 girma sau bakwai da ɗoriya, shi ya sa fuskokin amarya da ƙawayenta suka fito tas a zauren da fitilunsa ba su da ƙarfi, alhali hoton Z90 ya fara ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi.

Huɗubar ɗaurin auren dai da Z90 na ɗauke ta, domin tana karɓar makirufo biyu kai tsaye ta mahaɗin XLR, wato wurin jona makirufo irin na ƙwararru, kuma a wurin nan muryar liman ta fi kyan hoto muhimmanci a ganina.