Talata: yaron maƙwabciya zai tafi

Safiya lafiya lau. Auta ya ƙi kunu, wai shi sai burodi. Wurin aiki ba laifi. Na samu garin tuwo a shagon ɗan Gana, na fito ina murna kamar an ba ni kyauta.

Da la'asar na dawo na tarar da maƙwabciyata tana loda kaya a mota, sandunan wasa da ƙatuwar jakar nan da warinta ke riga ta isowa. Kun san yaronta, mai share mana dusar ƙanƙara a ƙofar gida. Ashe tun watan Afrilu wata ƙungiyar hoki (wasan sanda a kan ƙanƙara) ta OHL, gasar matasa ta jiharmu Ontario a nan Kanada, ta zaɓe shi, gobe zai tafi sansanin atisaye. Shekararsa 16.

Na ce mata, "To a wurin wa zai zauna?" Ta ce akwai iyalan da ke karɓar 'yan wasa, su ba yaro ɗaki, su ciyar da shi, ƙungiya kuma ta riƙa ba su ɗan abin cefane. Matar gidan ma a waya kawai suka gaisa. Karatu fa? Can zai ƙarasa sakandare: da safe aji, da rana atisaye, ƙarshen mako cikin bas daga wannan gari zuwa wancan, wasa 68 a kakar wasa ɗaya. Tana lissafo min tana murmushi, hannunta kuwa sai gyara jakar da ta riga ta gyara yake yi. Can ta juyo ta ce, "Ke fa, in Auta ne, za ki bar shi?" Na yi dariya na ce Allah ya kai mu lokacin.

Tambayar nan ita ta hana ni sakat har tuwona ya kusa kamawa. Mu ma ai muna ba da ɗa riƙo, amma hannun gwaggo ko kawu, wanda in ya cuci yaro akwai idon dangi a kansa. Nan kuwa baƙo ne ɗungurungum, kuma ana yin musayar 'yan wasa tsakanin ƙungiyoyi ana tsakiyar kaka, yaro ya tattara komatsansa ya koma wani gida, wata makaranta. Duk don me? Don in ya kai 18 a kira sunansa a zaɓen sababbin 'yan wasa na NHL, babbar gasar ƙwararru ta Kanada da Amurka. Ƙungiyoyi 32, zagaye 7, wato yara 224 a shekara, kuma har da na Amurka da Suwidin da Finland da Rasha ake rububin. Cikin waɗanda aka kira ma, da yawa a ƙaramar gasar AHL suke ƙarewa. Kowace uwa a filin ƙanƙara Connor Bedard take hangowa, yaron da aka ba izini na musamman ya shiga WHL, gasar matasa ta yammacin Kanada, yana ɗan 15, ya ci ƙwallo 71 a kakarsa ta ƙarshe a ƙungiyar Regina, ƙungiyar Chicago ta ɗauke shi na farko a zaɓen NHL na 2023. Irinsa nawa ne? Sauran in sun wuce 20 shi ke nan, an gama da su a gasar matasa. Abin da ya ɗan sanyaya min rai, maƙwabciyata ta ce ana biya wa yaro kuɗin jami'a gwargwadon shekarun da ya buga. Wannan kam sun kyauta.

Da dare na kawo wa Baban su maganar, ina zaton zai taya ni jimami. Ina! Sai ya gyara zama ya ce, "Ke ba ki san ɗan Najeriya na farko da ya buga NHL a Zariya aka haife shi ba?" Rumun Ndur, a 1975. A nan Ontario ya girma, ya buga wa ƙungiyar Guelph ta OHL, ƙungiyar Buffalo ta NHL ta zaɓe shi a 1994. Ya ƙara da Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mai ƙwallo 625. Na ce, "Shi na Zariyan wasa nawa ya buga a NHL ɗin?" Ya ɗan yi jim, ya ce 69. Na ce ka ji ko. Ya ce, "Haba Hajiya, 69 ɗin wasa ne? Mutum nawa suka taka ko sau ɗaya?" Da gaskiyarsa, shi ya sa na ƙara jin haushi.

Ashe Auta na kan matakala yana jin mu. Ya leƙo ya ce, "Umma, in na tafi ai zan riƙa kiran ki kullum." Yaron da ko ɗaure igiyar takalmin ƙanƙararsa bai iya ba! Baban su har da ƙyaƙyatawa. Ni ban ga abin dariya ba, na kora shi ya je ya kwanta.

Yaya ta kira daga Kano, layi ya yi ta yankewa, ban gane rabin zancen bikin ba. Wanki na nan jibge. Takardar rajistar hokin Auta ta bana tana kan firij, Juma'a za a rufe, Baban su ya ce shi kam ya riga ya sa hannu a nasa wurin.