Zuwa Itta Bena, garin da Jerry Rice ya fara tashe

Daga Jackson, babban birnin jihar Mississippi, muka kama hanya ta 49 muka nausa arewa. Da muka wuce Yazoo City sai tuddai suka ƙare, ƙasa ta shimfiɗe iya ganinka. Yankin Delta ke nan. Kaka ce, auduga ta yi fari fat a dama da hagu, har iska na kwaso ɓurɓushinta tana liƙawa a ciyawar bakin titi. A Greenwood muka karkata yamma kan hanya ta 82, ba mu yi wata tafiya ba sai ga Itta Bena.

Ƙaramin gari ne, kantuna da yawa a rufe. A gefensa Jami'ar Mississippi Valley State take, ɗaya daga cikin jami'o'in baƙaƙen fata, wadda aka buɗe a 1950 lokacin da wariyar launin fata ke ganiyarta. Filin ƙwallonsu na zo gani. Bai ɗaukar fiye da mutum dubu 10, bencina ne kawai a fili, amma sunaye biyu ne a jikinsa: Rice da Totten.

Na farkon duk mai bin ƙwallon Amurka, wadda ake jifa da cafewa da hannu, ya san shi. Jerry Rice ɗan Crawford ne, mahaifinsa magini, kuma a wajen aikin gini ya saba cafe bulo idan 'yan'uwansa suka cillo masa. Manyan jami'o'i ba su damu da shi ba, ya zo nan a 1981. Willie Totten shi ne mai jefa masa ƙwallo. Kocinsu Archie Cooley ya ɓullo da salon da ba hutu: ba a taruwa a yi shawara tsakanin kai hari, jifa kawai ake yi. A 1984 kusan maki 60 suke ci a kowane wasa. Karawarsu da Jami'ar Alcorn State a shekarar sai da aka mayar da ita Jackson don filin nan ya yi kaɗan, mutum sama da dubu 60 suka cika filin can, Alcorn ta yi nasara da 42 da 28.

Wani dattijo da na tarar zaune a bencin ƙasa ya ce yana wurin ranar. Na ce, "Baba, Rice kuka je kallo?" Ya girgiza kai, ya ɗaga hannun dama ya kwatanta jifa. Wato Totten.

A 1985 ƙungiyar San Francisco 49ers ta ɗauki Rice a matsayi na 16 a zaɓen sababbin 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon Amurka, bayan koci Bill Walsh ya ga wasansa a talabijin. Ya yi kaka 20, ya ɗauki kofin Super Bowl, wato kofin zakarun NFL, sau 3, ya tara yadi 22,895 na ƙwallon da ya cafe, abin da har yau ba wanda ya kamo.

Totten kuwa, da ya gama makaranta, ba ƙungiyar NFL da ta zaɓe shi. Ya tafi Kanada neman sa'a. A 1987, da 'yan wasan NFL suka shiga yajin aiki, Buffalo Bills ta ɗauke shi cikin waɗanda aka cike gurbi da su, yajin na ƙarewa aka sallame su. Ya ɗan taɓa ƙwallon da ake bugawa cikin zaure, daga nan ya koma koyarwa. Daga 2002 zuwa 2009 shi ne babban kocin makarantar nan, yana fita da yaransa fili mai ɗauke da sunansa. Wasannin da ya sha kashi sun fi waɗanda ya ci yawa, kuma wanda ya zagaya harabar zai gane dalili: kuɗin da jami'ar ke kashewa a wasanni bai kai ko kusa da na Ole Miss, wato Jami'ar Mississippi, ba, ga shi sau da yawa sai ta je gidan manyan ƙungiyoyi an lallasa ta don a biya ta abin da za ta riƙe kanta.

Abin ya tsaya mini a rai. A wancan zamani masu neman 'yan wasa ba su cika yarda baƙar fata daga ƙaramar makaranta zai iya jagorantar ƙungiya a matsayin mai jefa ƙwallo ba, ko da Doug Williams na Jami'ar Grambling ya riga ya shiga NFL tun 1978. Sai 1995 aka ɗauki Steve McNair na Alcorn a matsayi na 3. A ganina Totten bai samu gwajin da ya dace da hannunsa ba. Zauren karrama gwarazan ƙwallon jami'o'i dai ya shigar da shi a 2005, Rice ya biyo baya a 2006.

Kafin magariba muka koma Greenwood, muka ci soyayyen tarwaɗa, wanda ake kiwo a tafkunan yankin, sannan muka kama hanyar Jackson.