Yadda na bi da kwamfutar keke mai ƙara wa zafi gishiri

Abin da na fara ganewa shi ne, kwamfutar keke, wato ƙaramar na'urar da ake ɗaurawa a kan keke don nuna gudu, nisa da zafi, ba zafin iska take aunawa ba, zafin jikinta take aunawa. Ma'aunin yana can ciki, kusa da batir, an rufe shi da roba wadda galibi baƙa ce. Rana ta doke ta, lambar ta haura. A yawancinsu kuma, duk dube-duben da za ka yi a cikin saiti, ba za ka ga inda ake gyara wannan lambar ba. Sai dai ka gano tushen kuskuren.

Kafin komai, duba ko tana kan Selsiyus ko Farenhait, don digiri 30 na farko shi ne 86 a na biyun.

Gwajin da na yi mai sauƙi ne. Na cire ta daga caji, na bar ta ta huce, na rage hasken fuskarta, na ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, gefe da gefe da wani ma'aunin zafi da na yarda da shi. Minti 30 na ba su, domin na'urar tana da nawa, ba ta bin sauyin yanayi nan take. Sai na maimaita da asuba, lokacin da gari ya yi sanyi. Idan kana son ma'auni na uku, cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, wannan haɗin digiri 0 ne a Selsiyus. Sa na'urar a leda ka ɗaure, ka matse iskar ciki, ka nutsa ta har lambar ta daina motsi.

A nan ake rarrabewa. Idan bambancin ɗaya ne ko da yaushe, a ce digiri 2 sama, ka huta: riƙa cirewa a ka. Idan kuwa a inuwa daidai take amma a hanya tana zarcewa, ma'aunin lafiyarsa ƙalau, kuma babu lamba guda da za ka cire ta gyara. Tawa haka take. Da na tsaya cikin rana sai lambar ta yi ta hawa, da na taka na samu iska sai ta sauko sannu a hankali. Kwalta ma tana turo nata zafin daga ƙasa, ga shi masu hasashen yanayi a inuwa suke awo, a cikin farin akwati mai ramukan iska, don haka kwatanta su da abin da ke kan keke zalunci ne ga na'urar.

Na cire baƙar rigar roba da na sa mata, wadda ke riƙe zafi. Na mayar da ita kan mariƙin da ke miƙowa gaban keke, inda iska ke bi ta ƙarƙashinta, na kuma raba ta da fitila, don fitila mai ƙarfi ɗumi take yi. Kafin fita ina ajiye ta waje kamar minti 15. Wannan ya gyara har lissafin hawan tudu, saboda ma'aunin matsin iska da na'urar ke lissafin tudu da shi yana rikicewa in zafi ya sauya farat ɗaya. Ƙananan ramukan da ke bayanta kuwa, in laka ko gumi ya toshe su, ruwa ake zubawa a hankali. Allura tana iya huda abin da ke ciki.

Mai son awo na gaskiya sai ya nemi ma'auni na daban, irin Garmin tempe, mai aika saƙo ta ANT+ (hanyar haɗa na'urori ba da waya ba), yana aiki da ƙaramin batir CR2032. Tabbatar na'urarka tana karɓarsa kafin ka saya, sannan ka ɗaura shi a ƙarƙashin sirdi, inda akwai inuwa da iska, amma kada ya manne da jaka.